Katin da Kawu Yake Kifewa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai tattara ya koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya riga mu ranar Lahadi da hantsi a wani asibiti a Birmingham. A can muka binne shi. Amma zaman makoki sai aka ɗauke shi aka kai Manchester, gidan babban ɗansa likita a Old Trafford. An ce don gidan ya fi faɗi. Ya fi faɗi kam. Sai dai ni ba yarinya ba ce. An ɗauke makokin daga unguwarmu Sparkhill ne don kada abokan Kawu su gane hanya.

Kwana uku ina falon mata ina kallon yadda ake gaisuwar mutumin da ake jin kunyarsa. Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, amma ranar kowa Alhaji yake ce masa, kamar an ara masa babbar riga don a fita kunyar baƙi. Mace ta shigo ta ce, "Allah ya jiƙan Alhaji, mutum mai haƙuri," sai ta haɗiye sauran maganar tare da shayi. Matar wani akanta ce ta kasa haɗiyewa. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah dai ya sa ya ajiye abin nan kafin ya cika."

Na ce, "Caca kike nufi, Hajiya? Kira sunanta, ba ta cizo."

Wata ta ce, "Haba, baiwar Allah, makoki ake." Na ce ai shi ya sa.

Magana ta biyu a bakin matakala na ji ta, ina ɗauke da tire. Mata biyu, ba su san ina bayansu ba. "Ita ce fa ta karanta masa takardar asibitin." "Wa? Wadda sai da ta yi furfura ta san baƙi?" "Ita. Ga likita guda a gida, amma mai goge-goge ce ta yanke."

Na wuce da tirena, don wannan karon ba ƙarya suka yi ba. Abu biyun nan da ake raɗa a kansu su zan rubuta da hannun da ya koyi riƙe biro yana da shekara arba'in da huɗu. Kawu ya yi caca. Ni kuma na ce a yi masa aikin da bai tashi daga shi ba.

Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake cewa. An kawo ni ƙasar nan rainon 'ya'yan ɗansa likita, wanda taubashina ne, abokin wasana tun muna gudu ba takalmi. Shi yana ce mini Gwaggon Ƙauye, ni ina ce masa Likitan Kaji. Da yaran suka girma suka fara amsa mini da Turancin Manchester, matar Kawu kuma ta rasu, sai aka ga ya dace a tura ni Birmingham in kula da tsoho. Ina goge ofisoshi da asuba, in dawo in dafa masa. Ni an rage ni a gida, shi an samu mai tsare shi daga idon mutane.

Karatun injiniya Kawu ya zo yi yana saurayi, bai gama ba, ya ƙare yana tuƙa bas har fansho. Talata da Asabar, bayan azahar, yakan sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya kafa hula, ya tafi saman wani kulob inda tsofaffi irinsa suke wasan da ake kira poka. Ana ba kowa kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur kaɗan-kaɗan. Kafin kowace buɗewa mutum ya zaɓa: ya ƙara kuɗi, ko ya bi abin da aka zuba, ko ya ajiye katinsa ya haƙura. Busasshen goro yake ɗorawa a kan katinsa. In la'asar ta yi, ya fita baranda ya shimfiɗa kwat ɗin ya yi salla.

Na ce, "Kawu, wa kake yaudara?"

Ya ce, "Uwata, wanda ya bar salla don ya yi zunubi, biyu ya yi."

Satina na farko na tattara kartarsa na zuba a shara, na juye ragowar miya a kai. Na ce in dai da kuɗin tebur aka sayi nama, ba zai shiga tukunyar da nake ci ba. Na jira ya yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce, "Ba zan ce miki halal ba ne. Ban taɓa ce wa kowa ba." Washegari ya sayo sabuwa. Sati uku daga ina kwana sai sai da safe muke yi. Shi ya fara saukowa, ya sayo wata ƙaramar tukunya ya ce ita ce ta 'yan wuta, in riƙa dafa nasa a ciki. Dariya ta ƙwace mini, faɗan ya mutu a nan. Amma har ya rasu tukunya biyu muke ɗorawa.

Abin da ba wanda ya sani a falon Old Trafford shi ne zaman shari'a. Haka yake kiransa. Duk safiyar Laraba da Lahadi, bayan ya sha kunu, sai ya ɗauko wani farantin tangaran ya jera a kai hannun da ya fi damunsa a wasan jiya, wato zagaye ɗaya na rabon kati, kati bayan kati, kamar yadda suka faɗo. In ya zo kan na biyar, na ƙarshe, sai ya kife shi.

"Wannan ba nawa ba ne," yake cewa. "Ba a tambayata a kansa. A tambaye ni abin da na sani kafin ya faɗo."

Daga nan ya shiga tuhumar kansa da murya kamar alƙali. Me ka gani? Mutumin nan ya saba ƙarya ko bai saba ba? Da ya ƙara kuɗi hannunsa ya yi rawa? Kai kuma, tsoho, da hankali ka bi shi ko da haushi? Ranar da ya ci wasa da yawa amma shari'a ta nuna ganganci ya yi sa'a ta cece shi, ranar ba ya cin nama. Ya ce kada jiki ya saba da ladan wauta.

Da ciwon suga ya fara cin idonsa, dole ta sa ni na zama mai kiran kati. Na ce hannuna ba zai taɓa caca ba. Sai na riƙa juya su da bakin cokali ina faɗa masa: tara, sarki, huɗu. Yana dariya yana cewa, "Ranar ƙiyama cokali zai kai ƙararki." Shekara shida ina juya karta da cokali. Yana nan a aljihun tebur, bakinsa ya ɗan lanƙwashe.

Akwai safiyar da ba na mantawa. Ana gobe ya yi wasa tun azahar har ya kai mutum biyu suka rage, shi da wani tsoho ɗan Ailan. Kawu na riƙe da sarki biyu, tsohon na riƙe da bakwai biyu. Duk abin da ke gabansu suka zuba. An buɗe kati huɗu, ba wanda ya taimaki tsohon. Kawu ya sa na ƙirga abin da ya rage a hannun mai rabawa da wanda ba a gani ba: arba'in da huɗu. A ciki guda biyu kacal ke kayar da shi, sauran bakwai ɗin nan biyu. Na ce, "To me ya faɗo?" Ya ce, "Juya." Na sa cokali. Bakwai.

Na ce, "Wannan ai zalunci ne!"

Ya ce, "Wa ya zalunce ni? In aka sake ba ni gobe, haka zan yi. Jibi ma haka. Biyu cikin arba'in da huɗu ba babu ba ne, Uwata. Dole wata rana su zo, kuma dole a kan wani za su zo. Na yi daidai."

Ya miƙe ya tafi wurin wanke-wanke. Na riga na wanke komai, amma ya sauko da tukwane daga kan kanta ya sake wanke su ɗaya bayan ɗaya, har da murafe. Ya saba haka duk ranar da ya yi daidai ya faɗi. Ni a lokacin na ɗauka raina wankina yake yi, har na taɓa yi masa tsiya a kai. Tun daga ranar ya sa wa tsohon suna Mai Bakwai, suka zama aminai.

Shi ya kai ni makaranta. Ya gan ni ina riƙe da wasiƙar council, wato hukumar gari, a kife ina yi kamar ina dubawa. Ranar Litinin ya ce in sa takalmi, ya kai ni ajin manya a ɗakin karatu na unguwa, ya zauna a benci a waje kamar uban da ya kai 'ya firamare. Na ce, "Kawu, da furfurata?" Ya ce, "Furfura ba ta toshe kunne." Ranar da na fara haɗa kalma da kaina, ya hau da ni bas mai hawa biyu, muka zauna gaba a sama, ya sa na karanta masa sunan kowace tasha da ƙarfi har muka zagayo. Mutane na kallonmu. Ya ce wa wata Baturiya, "Uwata ce, yau ta fara karatu." Matar ta rasa yadda za ta lissafa.

Shekara biyu muka yi, aka ce council ba kuɗi, aka rufe ajin. Daga baya ɗakin karatun ma sai rabin mako yake buɗewa. Wurin da tsofaffi ke zuwa shan shayi da rana shi ma aka sa masa kwaɗo. A shekarun nan duk wasiƙar da ta shigo gida, an rage wani abu ne ko an ɗage wani abu. Kawu ya ce tunda sun rufe makaranta sun kuma ƙara aiko wasiƙu, to wasiƙun su ne littafina. Da labarin abin da aka ƙwace mana na ƙarasa koyon karatu.

Sai zuciyarsa ta fara gazawa. Likitan unguwa ya tura mu asibiti, asibiti suka ce akwai wata ƙofa a zuciyar da ta ƙanƙance, sai an yi aiki. Aka sa shi a layi. Sau biyu ana ba mu rana ana ɗagewa. Ya daina zuwa kulob, don matakalar ta fi ƙarfinsa. Ya koma barci a zaune. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Taubashina ya zo ya duba takardu, ya ce zai tafi gida Najeriya kwana goma sha biyu, wani aikin duba marasa lafiya a ƙauyuka. A bakin ƙofa ya ce, "Gwaggon Ƙauye, kada a yi komai sai na dawo." Na ce, "To, Likitan Kaji."

Kwana uku da tafiyarsa, ranar Talata da rana, waya ta yi ƙara. Daga asibiti ne: wani ya fasa, gurbi ya samu ranar Alhamis. Suna son amsa kafin azahar ɗin Laraba. In ba mu karɓa ba, a ba na bayanmu, mu kuma mu ci gaba da jira, ba su san har yaushe ba. Na kira taubashina sau bakwai, waya ba ta shiga. Na kira matarsa, ta ce ita ba za ta sa baki a maganar surukinta ba. Na kira ƙanensa, ya ce, "Anti, duk abin da Yaya ya ce." Kowa ya ajiye katinsa.

Laraba da safe Kawu ya ce in kawo faranti. Ba karta ya sa na jera ba, takardar da asibiti suka ba mu tun farko ce. Na karanta masa ita duka, ina bin layi da yatsa, har da wurin da aka jera abin da kan iya faruwa: zubar jini, shanyewar jiki, mutuwa. Likitansa na asibiti ya riga ya gaya mana mafi yawan masu irin aikin suna tashi, kuma in aka bar zuciyar haka ba za ta yi nisa ba.

Na ce, "To, Kawu, me ka gani?"

Ya ce, "Ba na gani. Tsoro nake ji." Shekara tara ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. "Na gaya miki in raina ya ɗau zafi tashi nake daga tebur. Yau ba zan iya tashi ba, ni ne abin da aka zuba a tsakiya. Ke za ki yi mini wannan hannun."

"Ni? Ɗanka likita ne."

"Ɗana ba ya nan. Ke kika ji numfashina jiya. Uwata, a bi ko a ajiye?"

Na yi masa tambayoyinsa, da muryarsa. Me muka sani? Me jira zai saya mana? Da hankali muke so ko da gajiya? Na duba leɓɓansa da suka yi duhu. Na ce, "A bi."

Ya ce, "Haka zan yi ni ma." Ranar Alhamis ni na kama yatsansa na ɗora a kan layin da zai sa hannu, don ba ya ganinsa.

Aiki ya yi kyau, haka suka ce. Ranar Juma'a ya farka, ya ce in gaya wa Mai Bakwai ya shirya. Na fita harabar asibiti na yi guɗa a hankali, ni kaɗai, kamar mahaukaciya. Ranar Asabar gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwarsa. Bai ƙara magana ba. Ba wanda ya yi sakaci. Yana cikin layin da na karanta da bakina, abu na biyu.

A daren uku, a kicin ɗin Old Trafford, taubashina ya same ni ina juye shinkafa. Tun da ya sauka bai dube ni ba. Ya ce, "Da kin jira ni."

Na ce, "Da ka bar waya a kunne."

"Na ce kada a yi komai."

"Shekara tara kana cewa kada a yi komai. Sau nawa ka kwana a Sparkhill?" Na ajiye ludayi na ce, "Tsakaninka da Allah, da kana nan, me za ka ce?"

Ya ce, "Da na ce a yi."

"To?"

"Amma da ni na ce."

Ya fita. Da zan tafi tasha ya yi mini sallama da cikakken sunana. Tun muna yara bai taɓa kirana da shi ba. Ranar na san ba Kawu kaɗai na binne ba.

Na dawo gidanmu na haya a Sparkhill na tarar da wasiƙa: da sunan Kawu gidan yake, ana so in fita ƙarshen wata. Na karanta ta ba tuntuɓe ko ɗaya. Ga amfanin karatu.

Kwana biyu bayan nan Mai Bakwai ya ƙwanƙwasa ƙofa, hularsa a hannu. Shi kaɗai ne a cikin abokan ya nemo gidan. Ya miƙo mini busasshen goron nan, ya ce Kawu ya bari a kulob, an ajiye masa a kujerarsa. Na ba shi shayi. Na tambaye shi abin da yake cina: wai da gaske in kati ya ci amanar Kawu ba ya jin komai?

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce a tebur murmushi yake, ya miƙa hannu, ya ce an yi wasa mai kyau. Amma ranar bakwai ɗin nan, da ya fito, ya hango shi a tasha a tsaye. Bas uku suka zo suka wuce, duk nasa, bai hau ba. Ya ce sau da yawa ya gan shi haka, bai taɓa nuna masa ya gani ba.

Da ya tafi na ɗauko farantin. Na jera komai da hannuna, ban nemi cokali ba. Numfashinsa. Ɗagewa biyu. Kira bakwai. Maganar likitansa. Na ɗauki ranar Asabar na kife ta, na ce wannan ba tawa ba ce. Na tuhumi kaina yadda ya koya mini, ban rage wa kaina komai ba, don ni da kaina na fi matan matakala iya zagi. Na nemi inda na yi ganganci kamar mai neman allura. Wallahi so nake in samu. Da na samu, da na san abin da zan tuba a kai, da akwai abin da zan roƙi gafararsa. Ban samu ba. In aka sake ba ni Larabar nan gobe, a bi zan ce. Jibi ma haka.

Na zauna ina jiran sauƙin da na zaci yana samu a bayan shari'a. Bai zo ba. Ashe bai taɓa zuwa ba. Shari'ar ba ta cire masa ciwo, hana shi yi wa kansa ƙarya kawai take yi. Ya koya mini yadda ake kife kati, bai gaya mini mutum yana ci gaba da ganinsa ta baya ba.

Ban san na miƙe ba sai da na ji ruwan zafi a hannuna. Na sauko da tukwane, duk wankakku, har da ƙaramar nan ta 'yan wuta.

Ya Allah, ga bawanka nan. Ka san Talatarsa da Asabar ɗinsa, ba zan ɓoye maka abin da ka fi ni sani ba. Amma ka san bencin da ya zauna a ƙofar aji, ka san kwat ɗin da ya shimfiɗa a baranda, ka san bai taɓa kiran haram da wani suna ba. Ka yi masa shari'a da rahamarka, ka yafe masa, ka haskaka makwancinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ba sai ya ce masa Alhaji ba.

Na yi daidai, Kawu. Na faɗa da ƙarfi a kicin, kamar yadda kake faɗa. Tukwanen sun ƙare, na sake farawa daga ta farko.